Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari kan takardun masu ƙirƙira

Mai girma Minista, ranku ya daɗe, barka da aiki.

Maganar ofishin rajistar ƙirƙira da tambarin kasuwanci da ke ƙarƙashin ma'aikatarku a Abuja ce ta sa na rubuto, don gaskiya ajiyar takardun nan tana damuna sosai. Dokarmu ta 1970 ta ce wanda ya riga kai takarda shi ke da haƙƙin mallakar ƙirƙirar, kariyar kuma shekara 20 ce, amma sai ana biyan kuɗi duk shekara, in an daina biya ta faɗi. To kun ga kenan duk gumin mutum yana rataye ne a kan kwanan watan da aka buga a fayil ɗinsa da rasit ɗin da ke ciki, in fayil ya yi ɓatan dabo ko gara ta cinye shi, da me bawan Allah zai tsaya gaban alƙali ranar da wani mai kuɗi ya kwaikwayi injin da ya sha wahalar haɗawa?

Abin ya taɓa faruwa da Amurka ma. Ranar 15 ga Disamba 1836 gobara ta cinye ofishinsu na Washington, takardun ƙirƙira kusan 10,000 da suka tara tun 1790 suka ƙone ƙurmus. Sai da gwamnati ta koma tana roƙon masu ƙirƙirar su kawo kwafin da ke hannunsu, kuma duk da haka kimanin 2,800 kawai aka iya dawo da su. Su lokacin babu kwamfuta, mu ba mu da wannan uzurin wallahi.

Na san yanzu ana iya shigar da buƙata ta intanet, madalla, amma tsofaffin fayilolin fa? Don Allah a ware kuɗi a kasafi a yi sikanin ɗinsu kaf, a ajiye kwafi a wani gari daban, kuma duk ma'aikacin da ya ɗauki fayil ya sa hannu da sunansa. Sannan a buɗe shafin da ɗalibi a Zariya ko maƙeri a Kano zai duba abin da aka riga aka yi wa rajista daga wayarsa, ba sai ya biya kuɗin mota da na lauya ba. In akwai waɗanda suka riga suka ɓata, a fito da jerinsu fili, a kira masu su su kawo nasu kwafin tun suna raye.

Allah ya taya ku riƙo.

Naku,
Wani ɗan ƙasa daga Kano