Zuwa ga 'yata, kan maganin da kika ce wa likita ba kya so

Assalamu alaikum 'yata, da fatan kin tashi lafiya, ke da maigidan da yaran.

Tun shekaranjiya da muka ajiye waya maganarki ke ta min yawo a rai, shine nace bari in zauna in rubuto miki, dan akwai abinda baki ke jin nauyin faɗa tsakanin uwa da 'ya amma hannu zai iya rubutawa. Kince wata 8 kenan rabonki da al'ada, zafi na taso miki daga ƙirji ya haura wuya ya game fuska kamar an watsa miki garwashi, cikin dare ki farka sau uku sau huɗu rigarki sharkaf da gumi, da safe ki tafi aiki kanki kamar ba naki ba, abu kaɗan ya ɓata miki rai ki yi ta faɗa da yara daga baya ki koma kina kuka. Kuma kince likita ta kawo miki shawarar HRT, wato maganin da ke mayar wa jiki homon ɗin da ya ragu, sinadarin nan da jikin mace ke yi da kansa, kika ce mata a'a saboda Umma ta ce yana kawo kansar mama. Toh wannan kalmar ce ta tsaya min a maƙogwaro. Eh ni na faɗa, na ma sha faɗa a gabanki da gaban ƙannenki, amma rabin magana na baku, kuma bana so ki yanke hukunci a kan lafiyarki da rabin magana.

Bari ki ji inda tsoron ya samo asali. A 2002 ina da shekara 52, ina aikin jinya, kuma na shekara biyu ina shan ƙwayar, ta karɓe ni sosai, barci na ya dawo, zafin ya kwanta. Kawai a watan Yuli sai labari ya ɓarke cewa an dakatar da wani babban bincike a Amurka mai suna Women's Health Initiative tun lokacinsa bai cika ba, saboda an ga maganin na ƙara kansar mama da kashi 26 cikin ɗari, ga ciwon zuciya, ga shanyewar ɓarin jiki, ga daskarewar jini. Wallahi ranar ban ma jira na ga likita ba, na tattara ƙwayoyin na zubar, kuma ba ni kaɗai ba, mata miliyoyi a duniya haka suka yi, likitoci da yawa ma suka janye hannu daga rubuta shi. Ba a yi sati uku ba komai ya dawo min sabo, na kuma ɗauki shekara shida ina fama, ke kina gidan mijinki lokacin baki ga darare na ba. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, ni kuma sai na riƙa koya muku gudun.

Sai daga baya da hankali ya kwanta na zauna na duba lissafin da kaina. Mata 16,608 ne a ɓangaren farko na binciken, 'yan shekara 50 zuwa 79, kuma in aka raba shekarunsu daidai 63 ake samu, kinga yawancinsu sun daɗe da daina al'ada, wasu shekara goma wasu ashirin. Ba ma dan maganin zafin jiki aka tsara shi ba, so ake a gani ko homon zai kare tsofaffin mata daga ciwon zuciya, aka ga baya karewa. Shi kuma kashi 26 ɗin nan da ya firgita mu, in aka mayar da shi mutane ga abinda yake nufi: a cikin mata 10,000 masu shan maganin, duk shekara ana samun ƙarin mata 8 da suka kamu da kansar mama a kan waɗanda basa sha. Ƙarin 7 na ciwon zuciya, 8 na shanyewar ɓarin jiki, 8 na gudan jini a huhu. A ɗaya hannun kuma an samu ragin 6 na kansar hanji da ragin 5 na karayar ƙugu, wannan kam ba wanda ya gaya mana a lokacin. Sannan iri ɗaya tal aka gwada, ƙwaya ta haɗiya, istrojin ɗin cikinta, wato homon mata da ke raguwa in al'ada za ta ɗauke, irin na maganin Premarin ne da ake cirowa daga fitsarin goɗiya mai ciki, tun 1942 ake sayar da shi, alhali yanzu wanda aka fi badawa shine estradiol, irin wanda jikin mace ke yi da kansa.

Akwai kuma ɓangare na biyu na binciken da mutane ba su cika sani ba, mata 10,739 da aka riga aka cire musu mahaifa, su istrojin zalla aka basu. An tsayar da shi a 2004 saboda shanyewar ɓarin jiki, amma kansar mama bata ƙaru a cikinsu ba, da aka ci gaba da bibiyarsu ma sai aka ga ta ragu. Da masana suka koma suka ware matan bisa shekaru sai ga abinda likitarki ke tsaye a kai yanzu, mace da bata kai 60 ba, ko bata wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, in lafiyarta ƙalau kuma alamomin na damunta, amfanin ya fi haɗarin. Wadda ta fara a makare kuma lissafinta daban.

Toh amma dan Allah kar ki ɗauki wasiƙar nan ki juya ɗaya ɓarin, ki ce Umma ta ce ba komai. Akwai komai. Ina ganin yadda yanzu a intanet wasu ke tallansa kamar ruwan rai, wai zai mayar da ke yarinya, ya gyara fata, ya hana mantuwa ta tsufa, kowace mace ta sha har mutuwa, wannan ma bana tare da su ko kaɗan. Ba a bada shi dan kare zuciya ko kare ƙwaƙwalwa. Kuma maganar kansar mama gaskiya ce, a 2019 mujallar Lancet ta fitar da wani nazari da ya tattara bincike masu yawa, aka ce in mace ta fara a shekara 50 ta sha na shekara 5, to daga nan zuwa shekara 69 ana samun ƙarin mace 1 cikin 50 in istrojin ne da furojestojin (wato furojestaron ko makamancinsa, homon da ke kare mahaifa) kullum, 1 cikin 70 in furojestojin ɗin na wasu kwanaki ne a wata, 1 cikin 200 in istrojin ne kaɗai. Ki sani ko ba magani kusan mata 6 cikin 100 za su kamu a waɗannan shekarun, da maganin haɗin sai ya koma kusan 8. Kuma duk yadda aka daɗe ana sha haka yake ƙaruwa, baya kuma gushewa ranar da aka daina. Ni na yi jinyar mata masu wannan ciwon da hannu na, ba zan taɓa cewa mace 1 cikin 50 ba komai bace, 'yar wani ce, uwar wani ce. Abinda nake so kawai ki ɗora wannan a sikeli ɗaya, ki ɗora rashin barcin shekaru da lalacewar zamanki da iyalinki da aikinki a ɗayan, dan shima ciwo ne, ba shagwaɓa bace. Wani bincike da aka buga a 2015 a Amurka ya nuna zafin nan kan kai sama da shekara 7 a wajen rabin matan da yake yawan damu, a baƙaƙen fata ma wajen shekara 10, saboda haka masu ce miki ki daure wata biyu ne zai wuce basu san abinda suke faɗa ba.

Yanzu in zo kanki ke kanki, dan mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekararki 49, mahaifarki na nan, saboda haka duk wanda ya baki istrojin shi kaɗai ba tare da furojestaron ba kar ki karɓa, ko ƙawa ce ko mai kemis ko wa. Istrojin zalla yana sa fatar cikin mahaifa ta yi ta kauri har ta rikiɗe ta zama kansa, tun 1975 aka tabbatar da haka, furojestaron ɗin shine mai tsaronta. Kar wata rana ki ce yana sa ni kasala bari in bar shi in ci gaba da ɗayan, in bai karɓe ki ba ki koma a canza miki wani, akwai ma robar da ake sakawa a mahaifa mai sakin homon ɗin a hankali, tana yin wannan aikin.

Abu na biyu, kuma shine ya fi sa ni rubutun nan, gwaggonki ta wajen babanku ta taɓa samun gudan jini a ƙafa, kina ƙarama lokacin, ƙafar ta kumbura aka kwantar da ita kwanaki. Ki gaya wa likita wannan. Ƙwayar haɗiya sai ta bi ta hanta, hanta kuma sai ta ƙara sinadaran da ke daskarar da jini, amma filasta da ake mannawa a fata ko man da ake shafawa kai tsaye suke shiga jini basa bi ta can, shi yasa haɗarin gudan jini yake ƙasa da su sosai. Da irin tarihin gwaggonki da kuma ƙibar da kika ɗan ƙara, in da ni ce filasta zan roƙa. A ɓangare na kuma, ni da 'yan uwana mata ba wadda ta yi kansar mama ko ta ƙwan haihuwa, alhamdulillahi, wannan ma ki faɗa mata. Ki sa a auna miki jini ko ya hau, a duba suga, a duba mama kafin a fara. Waɗanda ake hanawa su ne wadda ta taɓa kansar mama, ko gudan jini, ko shanyewar ɓarin jiki, ko bugun zuciya, ko ciwon hanta mai tsanani, ko jinin da ke zuba ba a san dalilinsa ba, a iya sanina baki da ko ɗaya, amma in akwai abinda kika ɓoye min dan kar hankali na ya tashi to ita kar ki ɓoye mata.

Ki kuma tuna da kakarki, yadda ta zame a tsakar ɗaki faɗuwar da bata kai ta kawo ba ƙugunta ya karye, bata ƙara takawa da ƙafarta ba. Istrojin ne ke riƙe ƙashi, in ya tafi ƙashi na zaizayewa da sauri a shekarun farko ba tare da kin ji komai ba, maganin nan na tare wannan muddin kina kansa. Ni da na zubar da nawa ga bayana nan ya fara rankwafawa.

Akwai maganar da baki min ba amma nasan tana nan, ni ma mace ce. Bushewar gaba, zafi wajen kwanciya, yawan fitsari da ciwon sanyi mai tafiya ya dawo. Shi wannan baya wucewa da kansa kamar yadda zafin jiki ke wucewa, ƙaruwa yake da shekaru. Maganinsa istrojin ne ɗan kaɗan da ake sakawa a wurin, mai ko 'yar ƙwaya, abinda ke shiga jini daga ciki bai taka kara ya karya ba, ko da kin ƙi babban maganin gaba ɗaya wannan ki tambaya, kar kunya ta sa ki cuci kanki da aurenki. Shi ma maigidan ki zaunar da shi ki masa bayani, kar ya zaci ƙinsa kike.

Sannan tunda baki cika wata 12 ba jini ba, ba a ce kin gama ba tukuna, ciki na iya shiga, kuma HRT baya hana ɗaukar ciki, ki yi wannan maganar da likita. In kin fara, mama zai iya yin nauyi, jini ya riƙa ɗan ɗigowa a watannin farko, wannan an saba gani, amma in ya wuce wata 6 ko ya yi yawa sai a duba. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure, ko kika ji ƙullutu a mama, ranar ki tafi asibiti kar ki kwana. Ki koma bayan wata 3 a ga yadda ya karɓe ki, daga nan duk shekara a sake zama a auna ko a ci gaba ko a rage ko a bari.

In kuma bayan kin ji duk wannan zuciyarki bata kwanta ba, ba laifi kika yi ba, kuma ba wai shikenan sai haƙuri ba. Wasu magungunan damuwa a ƙaramin awo suna rage zafin, gabapentin ma haka musamman na dare, akwai kuma sabo, fezolinetant, da aka amince da shi a Amurka a 2023, ba homon bane amma shi sai ana duba hanta. Ba su kai homon ƙarfi ba amma suna taimakawa. Abinda bana so shine kayan da ake sayarwa a intanet ana cewa na gargajiya ne ko na halitta ne ba illa, ba wanda ya auna abinda ke ciki.

In ra'ayi na kike so, ni dai na fi karkata ki gwada, filasta da furojestaron, a ƙaramin awo, ki gani na wata 3. Ki koma wajen likitar nan cikin satin nan, ki tafi da wasiƙar in kina so, ki karanta mata wajen gwaggonki dan kar ki manta. In kin fito ki kira ni, ko dare ne, dama ba barci nake da wuri ba.

Ki gaida min maigidan, ki shafa min kan auta. Allah ya baki lafiya, ya yi miki albarka.

Ummanki