Wasiƙar godiya ga shagon da ya haɗa mana filash mai siffar allo

Zuwa ga Alhaji mai shagon kayan kwamfuta da na waya da ke wajen Ƙofar Kaura a birnin Katsina, tare da yaran shagonsa baki ɗaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin kwamitin iyaye da malamai na makarantarmu ta Islamiyya, domin mu bayyana godiyarmu a bainar jama'a kan aikin da kuka yi mana gabanin walimar saukar Alƙur'ani da muka yi a watan Sha'aban da ya gabata. Ka roƙe ni kada in ambaci sunanka ko na shagon, na kuwa cika maka wannan, amma ba zan iya ɓoye abin da idona ya gani ba, domin yabon gwani ya zama dole.

Ɗalibai 47 ne suka sauke a bana, maza da mata. Babban malaminmu, wanda ya karantar da mafi yawanmu kafin ya karantar da 'ya'yanmu, ya tsufa har ganinsa ya yi rauni, kuma ya shafe kusan shekara biyu jikokinsa suna naɗar karatunsa a waya, izu bayan izu, da riwayar Warshu da muka taso da ita, har aka kammala izu sittin. Kwamiti ya yanke shawarar cewa kowane ɗalibi zai koma gida da muryar malaminsa a cikin filash, aka kuma ɗora mini nauyin nemo shi. Na zo shagonka riƙe da samfuri guda biyu da na saya da araha a wata tafiya da na yi, ɗaya mai siffar makulli ruwan zinariya, ɗaya kuma mai kama da munduwar roba, kowannensu an rubuta masa gigabait 128 a jiki. Nufina shi ne ka samo mana irinsu guda hamsin.

Abin da ke cikin gilashin shagonka ya fi abin da na zo da shi ɗaukar ido. Na ga filash mai kama da katin banki wanda ake sakawa a aljihun gaba, na ga wanda aka ɓoye a cikin biro mai rubutu, da mai siffar ƙaramar mota, da mai siffar kwalbar turare, ga kuma 'yan fitilu masu lanƙwasa da ƙananan fankoki da ake soka wa kwamfuta ko fawa banki. Da ka ga dama, da ka bar ni na zaɓi wanda ya fi ƙyalƙyali ka karɓi kuɗinka. Maimakon haka ka ce mini: "Malam, wannan duk riga ce, bari mu fara duba cikin wanda ka kawo." Ka sa yaronka ya jona makullin nan nawa a kwamfuta ya buɗe wata ƙaramar manhaja mai suna H2testw, wadda aikinta shi ne ta cika filash da bayanai tun daga farko har ƙarshe, sannan ta dawo ta karanta su domin ta ga ko abin da ta zuba yana nan. Gwajin ya ɗauki lokaci mai tsawo, har sai da na tafi na dawo washegari, sakamakon kuwa ya nuna cewa ainihin cikinsa bai kai gigabait 8 ba. Munduwar ma haka ta kasance.

A ranar ka yi mini bayanin da nake ganin ya kamata kowane mai sayen filash ya ji. A cikin kowane filash akwai ma'ajiyar bayanai, akwai kuma wani ɗan ƙaramin sashe mai kula da ita, wanda shi ne yake faɗa wa kwamfuta girman ma'ajiyar. Masu algus sukan sauya abin da wannan sashe yake faɗa, sai kwamfuta ta nuna babban adadi alhali wurin ƙarami ne. Mutum zai yi ta zuba kaya yana ganin sunayensu suna jeruwa, ransa a kwance, amma da zarar ainihin wurin ya cika, abin da ya biyo baya ko dai ya ɓace, ko ya hau kan na farko ya lalata shi, kuma ba zai sani ba sai ranar da ya zo buɗewa. Ka kuma bambanta mini wannan da ragin da ba na cuta ba: filash na gaskiya mai gigabait 16 yakan nuna kimanin 14.9 ko ƙasa kaɗan a Windows, saboda kamfanoni suna lissafi da 1000, ita kuwa kwamfutar tana lissafi da 1024. Na daɗe ina zargin 'yan kasuwa a kan wannan ragi na biyu, ashe na farkon ne ya cancanci tsoro.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda ka rage wa kanka riba da bakinka. Ka tambaye ni tsawon karatun, na ce kimanin awa talatin ne. Ka lissafa cewa sauti mai kyau na MP3 yakan ci kusan megabait ɗaya a kowane minti, ke nan duka karatun bai kai gigabait biyu ba, don haka mai gigabait 8 na gaskiya ya ishe mu har da rara mai yawa. Da na nuna kamar na raina shi, sai ka tuna mini cewa filash na farko-farko da suka shigo kasuwa a shekarar 2000, irin wanda IBM ta sayar, megabait 8 kacal suke ɗauka, wato wanda nake rainawa ya ninka su sau dubu. Haka nan ka hana ni biyan kuɗin USB 3.0, mai shuɗin baki, wanda ya fito a 2008 kuma ya fi USB 2.0 gudu nesa ba kusa ba, domin a cewarka rediyon da zai karanta sura ɗaya bayan ɗaya ba ya buƙatar wannan gudu. Kuɗin da muka rage a nan su ne suka biya aikin hannun da ya biyo baya.

Shawarar yin allo daga wurinka ta fito. Ka ce tun da kyautar ta masu sauka ce, babu dalilin ba su makulli ko mota, alhali suna da siffar da suka sani tun ranar da aka fara rubuta musu bismillah. Ka sayo ƙananan filash marasa riga daga dilan da ka amince da shi, ka kai wa wani masassaƙi ya fitar da ɗan allo mai tsawon yatsa, da kansa da kafaɗunsa kamar na gaske, ka kuma haɗa mu da wani baduku da ya ɗinka wa kowane ɗaya 'yar gafaka ta jar fata mai maɗauri. Wannan aiki bai tafi salin-alin ba. Samfurin farko ya fito da kyau ƙwarai, har 'yan kwamiti suka amince da shi, amma kai ka ƙi, saboda ka gwada shi a rediyo ka ga faɗin allon ya hana bakin filash ɗin shiga har ƙarshe, a kwamfuta kuma ya toshe ramin da ke kusa da shi. Ka ce wannan ita ce matsalar mafi yawan filash masu siffofin ado, ana kula da kyan gani a manta da ramin da za a soka su, kuma mai nauyi daga cikinsu yakan rinjayi ramin rediyo har ya sassauta shi. Aka sake sassaƙawa aka rage faɗi da kauri, ba ka ƙara mana ko kwabo ba.

Akwai wani abu da mu malamai da iyaye ya kamata mu fara tunawa, amma kai ka riga mu. Mun so a zana aya a fuskar allon, sai ka ce abu ne da zai shiga aljihu, ya faɗi ƙasa, yara su ɗauka, wani ma ya shiga da shi bayan gida bisa mantuwa, don haka ya fi dacewa a tsaya ga sunan makaranta da shekarar sauka. Da na kai wannan magana gaban babban malaminmu, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya sa maka albarka.

Zuba karatun ma ya zo da nasa ilimin. Yawancin iyayen ɗalibanmu ba su da kwamfuta, abin da suke da shi 'yar rediyo ce mai cin filash da memori, ko na'urar sauti ta mota. Ka bayyana mana cewa da yawa daga irin waɗannan na'urori tsarin ajiye fayiloli a filash da ake kira FAT32 kaɗai suke ganewa, kuma iyakarsa ita ce fayil ɗaya ba ya wuce gigabait 4, abin da bai shafe mu ba tun da surorin a rarrabe suke. Yaranka suka yanka karatun sura-sura, suka sa musu lamba daga 001 zuwa 114, sannan suka riƙa zuba su bi da bi, domin wasu ƙananan rediyoyi ba sa bin suna, suna bin yadda aka jera kayan ne lokacin zubawa, ta yadda mutum zai iya jin Baƙara ta biyo bayan Yasin idan aka kwashe su gaba ɗaya aka watsa. Kowane ɗaya daga cikin hamsin ɗin sai da ya bi ta gwajin nan na farko, sannan aka saurare shi a rediyo iri uku da kuma motarka. Na zo da daddare sau biyu na iske ƙaramin yaronka zaune da takarda yana sa alama a gaban lambar duk wanda ya wuce gwaji, janareta na aiki, kasuwa ta riga ta watse.

Ga waɗanda waya ce kawai a hannunsu, ka ba mu 'yan mahaɗai da ake kira OTG, wasu masu tsohon ƙaramin baki, wasu masu bakin USB-C da ya fito a 2014 wanda ake sokawa ta kowace fuska. Ka kuma rubuta mana gajeriyar takardar gargaɗi da Hausa, muka buga muka saka a kowace gafaka. A ciki ka ja kunne kan kai filash shagunan buga takardu barkatai, inda ake kwaso cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar inuwarsu kawai, da kan fizge shi daga kwamfuta ana tsakiyar zuba kaya, da kan jona duk wani filash da aka tsinta a hanya, domin akwai wata na'ura mai kama da filash da ake kira USB Killer wadda ke tara wuta ta mayar wa kwamfuta ta ƙona ta. Ka ƙara da cewa filash ba wurin ajiya na har abada ba ne, yakan mutu ba tare da sallama ba, kuma bayanan cikinsa suna iya lalacewa idan ya shekara da shekaru a ajiye. Saboda wannan magana taka, yanzu asalin karatun malam yana wuri uku daban-daban, ɗaya daga ciki ma ba a Katsina yake ba.

Fitilu biyar ɗin nan da ka ba makaranta kyauta suna nan suna aiki. Wutar da ramin USB na yau da kullum ke bayarwa volt 5 ce kawai, amma fawa banki ɗaya yakan riƙe fitila tun daga magariba har a tashi karatun dare, kuma ɗaliban da a da suke haska allo da wayar iyayensu idan an ɗauke wuta yanzu sun huta.

Ranar walima, da aka fara kiran ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, an fara miƙa wa malam nasa. Ya zaro shi daga gafakar yana shafa shi da yatsu, ya gane kan allon da kafaɗunsa tun kafin a faɗa masa, sannan aka soka wani a lasifika muryarsa ta tashi da Fatiha a gaban jama'a. Na ga dattawan da suka yi karatu a gabansa shekaru arba'in da suka wuce sun sunkuyar da kai suna share hawaye. Daga baya filash biyu suka ba da matsala, ɗaya manne ya saki, ɗaya kuma rediyo ya daina ganinsa. Na kira ka da safe, kafin la'asar yaronka ya iso a kan babur da sababbi guda biyu, an riga an zuba musu karatun, ya kuma karɓi na farkon domin ka ga abin da ya same su.

Tsofaffin ɗalibai da dama sun nemi nasu, har da waɗanda ke zaune a Daura da Funtuwa da Kano, kuma kwamiti ya amince a ƙara yin guda ɗari bayan Babbar Sallah. Zan zo da kuɗin kafin alƙalami a makon gobe in Allah ya yarda, tare da takardar godiya mai sa hannun malam, wadda ya ce lallai a miƙa maka hannu da hannu, a kuma isar da gaisuwarsa ga masassaƙin da badukun. Allah ya yi wa kasuwarka albarka, ya raya maka zuriya, ya kuma saka wa yaran shagon da alheri.

Wassalamu alaikum.

Naka,
Sakataren kwamitin iyaye da malamai,
Katsina.