"Borrow me" kuskure ne, "lend me" ake cewa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina so in ja hankalin ɗalibanmu kan wata jimlar Turanci da ta zama ruwan dare a Kano, daga ajujuwa har rumfunan Kantin Kwari: "Borrow me your biro." A daidaitaccen Turanci wannan ba daidai ba ne.

Daga Hausa matsalar ta samo tushe. Mu kalma ɗaya ce ke mana aiki biyu: "ara mini biro", "na ari biro". Bature kuwa ya raba su. Mai bayarwa shi ke yin "lend", mai karɓa shi ke yin "borrow". To in biron abokinka kake nema, sai ka ce "Lend me your biro" ko "May I borrow your biro?" A lura, ba a liƙa wanda aka ara a wurinsa kai tsaye bayan "borrow", sai an sa "from" a tsakani: "I borrowed ₦5,000 from my brother." Kuɗi ma ke nan ƙa'idar ɗaya ce, duk da mu rance muke ce masa, ba aro ba.

Wani wurin tuntuɓen shi ne shuɗaɗɗen lokaci: "lent" ake cewa, babu "lended".

A rubutun insha'i na WAEC da NECO, kuskuren nahawu irin wannan yana zubar da maki a banza. Malaman firamare su riƙa gyara shi tun yaro na neman aron fensir a aji.

Wassalam,
Wani malamin Turanci, Gwale, Kano