Godiya ga Asibitin Ido na ECWA, Kano

Zuwa ga likitoci, nas-nas da sauran ma'aikata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin iyalinmu don in yi muku godiya a bainar jama'a kan aikin da kuka yi wa mahaifinmu.

Matsalar Baba biyu ce a ido ɗaya. Akwai hakiya, tabon da ƙyanda ta bar masa a kan baƙin ido tun yana yaro, sai kuma yanar ido irin ta tsufa ta sauko daga baya ta rufe ɗan ganin da ya rage. Mu a gida duk farin ido muke ce musu. Likitarku ce ta zaunar da mu ta rarrabe mana: hakiya tana kan tantanin gaba wanda haske ke fara ratsawa, yanar kuwa tana can ciki bayan baƙin ɗigon da ke tsakiyar ido, kuma cire ɗaya ba ya goge ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta shimfiɗa mana hanyoyin ba ɓoye-ɓoye. Ana iya cire yanar kaɗai a sa ɗan gilashin roba a gurbinta, in dai tabon bai toshe tsakiya ba. Ana kuma iya haɗa aiki uku a zama ɗaya: dashen sabon tantani, cire yana da sa gilashi. Sai dai tantanin dashe daga idon mamaci ake samun sa bisa sadaukarwa, kuma yana da wuyar samu a Najeriya. Ga ɗinkin da kan kai shekara ko fiye kafin a warware, ga ɗiga magani kullum, kuma jiki yana iya ƙin dashen. Ta ce tunda tabon Baba ya karkata gefe, a fara da cire yana, a ajiye maganar dashe sai in buƙata ta taso. Ba ta yi mana alkawarin zai koma gani kamar saurayi ba, shi ya sa muka amince da ita.

Haka aka yi. Yau Baba yana zuwa masallaci ba ɗan jagora, yana gane jikokinsa tun daga zaure. Ƙananan rubutu dai har yanzu sai an karanta masa, kuma dama an faɗa mana haka.

Ba zan manta da nas ɗin da ta yi ta nanata wa Inna yadda ake ɗiga magani ba, ta kuma ja mata kunne a kan kwalli da masu maganin gargajiya da ke ture yanar ido da allura. Asibitin nan tun 1943 yake hidima a Kano, kuma layinsa akwai tsawo, amma ba mu ga an kyari kowa ba.

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara basira.

Naku,
Ɗan majinyacinku daga Fagge