Na koma lalata manhajarmu da gangan

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin can? Nan Kano hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari.

Ka tuna manhajar karɓar kuɗi da na ce maka muna rubuta wa 'yan kasuwa? Kwanakin baya wata baiwar Allah mai sayar da atamfa ta kira, muryarta na rawa, wai an cire wa mai sayenta kuɗi sau biyu a kan turmi ɗaya. Na bi sawun abin har dare. Ashe saƙonmu ya isa sabar, wato kwamfutar da ke karɓar saƙonnin manhaja tana aiwatar da su, kuɗi ya fita, amma amsar ta maƙale a hanya saboda sabis ya ɗauke. Manhaja ta ji shiru, sai ta sake turawa. Abin ya ƙona min rai, don duk gwajin da na yi, a ofis na yi shi, inda intanet ba ya gardama.

Shi ne na rubuta wata 'yar manhaja da ke tsayawa tsakanin tamu da API ɗin da muke kira, wato ƙofar da manhajarmu ke bi ta yi magana da sabar. Duk saƙon da ya zo wucewa sai ta jefa ƙuri'a, uku cikin goma ta ɓata su: wani ta mayar masa da lambar kuskure 500, wato sabar ta samu matsala, wani 503, wato sabar ba ta iya amsawa yanzu, wani kuma 429, wato ka cika turowa, dakata. Jinkiri da yankewar layi kuwa, wata manhajar gwaji ta kamfanin Shopify mai suna Toxiproxy nake sa wa ta yi. Ka san Netflix sun daɗe da irin wannan. Chaos Monkey ɗinsu, wanda suka sakar wa jama'a a 2012, kashe sabobinsu yake yi ba zato, a lokacin aiki, injiniyoyi na zaune.

Ga abin da ya ba ni mamaki. Lamba 500 ba ta da wuya, don ta fito fili ta ce an samu matsala. Shiru ne mugun. Na sa a riƙe amsa daƙiƙa 30, na zauna ina kallon wayar: da'irar nan tana ta juyawa, ba saƙo, ba maɓallin fita. Wallahi ni ma hannuna ya kai ga sake dannawa. To ina ga mai shago da layin mutane a gabanta?

Yanzu kowane ciniki yana tafiya da lambar shaidarsa, ko sau biyar aka tura, sabar sau ɗaya za ta cire kuɗi. Sake turawa ma ba a jere ba: daƙiƙa 1, sai 2, sai 4, tare da ɗan bambanci na ƙuri'a, don kada wayoyi dubu su afka wa sabar lokaci guda tana farfaɗowa. Wata shawara kuma, ka riƙa adana lambar da ƙuri'ar ta fara da ita, don da ita za ka iya maimaita gwajin daidai yadda ya faru. Na taɓa ganin kuskure sau ɗaya, na yi kwana biyu ban iya maimaita shi ba.

Ku a wurin aikinku, kuna irin wannan gwaji a kan sabar da jama'a ke amfani da ita, ko a ta gwaji kawai? Ka rubuto min, ina so in ji kafin mu yanke shawara.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Su Hajiya ma suna gaishe ka.

Naka,
Amininka