Gyara kan maƙalar Babila: da laka aka gina ta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin maƙalar da kuka buga kan tsofaffin biranen Iraki da Farisa, Allah ya saka wa marubucin da alheri. Sai dai akwai wuri biyu da suka tsaya mini a rai, kuma da yake na ƙare aikina ne ina koyar da gini, na kasa haɗiye su.

Na farko, ya ce Sumer da Babila sun bar wa duniya "manyan gine-ginen dutse". Wane dutse? Kudancin Iraki, tsakanin kogunan Dijla da Furat, fadama ce shimfiɗaɗɗiya, dutsen gini da katakon kirki sai an sayo daga nesa. Abin da Allah ya hore musu shi ne laka da ciyawar bakin ruwa da kwalta mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Da su suka yi abin da ake ta magana a kai har yau.

A dubi hasumiyar Ur, kusa da garin Nasiriyya, wadda sarki Ur-Nammu ya gina wajen shekara 2100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Cikinta ɗanyen tubali ne zalla, wanda rana ta busar. Daga waje aka yi mata riga da gasasshen tubali, aka ɗaure shi da kwalta maimakon kwaɓi, don ruwa kada ya ci. Sannan ga wasu ƙananan kafofi jere a jikin bangon. Mai wucewa zai ɗauka ado ne, amma duk wanda ya taɓa ganin yadda danshi ke kumbura bangon ƙasa har ya tsage ya san hanyar numfashi ce aka bar wa ginin. Gindinta ya kai kimanin mita 64 a tsawo da 45 a faɗi. Ni wannan dabarar ta fi burge ni a kan zinariyar da Leonard Woolley, Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, ya tono a kaburburan garin tsakanin 1922 da 1934.

Na biyu, hoton da kuka sa a ƙarƙashinsa "Ƙofar Ishtar ta asali". Wannan kwaikwayo ce da aka gina a bakin kangon Babila don masu ziyara. Ita ƙofar da Nebukadnezzar na biyu, wanda malamanmu ke kira Bukhtanassar, ya gina wajen shekara 575 kafin haihuwar Annabi Isa, shuɗin tubalinta yana Balin ta Jamus. Robert Koldewey, Bajamushe mai binciken kayan tarihi, ya fara tono a Babila a 1899. Gutsattsarin da aka samu aka cika akwatuna da su, aka jiƙa su a ruwa har gishirin jikinsu ya fita, aka zauna ana haɗa su ɗaya bayan ɗaya, sannan aka tsayar da ƙofar a gidan tarihi na Pergamon a 1930. Abin da ya rage a Iraki shi ne tushenta na ƙasa, mai dabbobi a jiki amma babu launi.

To, ita ma wannan ƙofar laka ce. Kowane bijimi da ke jikinta an kasa shi ne a tubala masu yawa, kowane tubali da nasa yankin jikin dabbar, an shafa masa ruwan gilashi an gasa, sannan magini ya jera su ƙafa ta faɗa kan ƙafa. Laka kuwa tana motsewa a wuta. Wanda bai iya lissafin motsewar ba, bijiminsa zai fito da karyayyen baya. Ina ma ɗalibaina na da sun ga wannan, su da jera tubali goma a miƙe ke gagara.

Inda marubucin zai sami dutsensa shi ne arewa, a ƙasar Assuriya, wajen Mosul. Can akwai farin dutse mai taushi, shi ya sa fadojin Nimrud da Nineba suka cika da sassaƙa, ko da yake su ma bangon da ke bayan allunan tubalin ƙasa ne. Bijiman nan masu fukafukai da kan mutum da ke gadin ƙofar fadar Nimrud, a ƙirga ƙafafunsu: biyar ne. Ta gaba ka gan shi a tsaye cak, ta gefe ka gan shi yana tafiya. Irinsu ne 'yan ƙungiyar IS suka farfasa a 2015.

Farisawa kam da ginshiƙin dutse suka yi suna. A birnin Fasifolis, wanda sarkinsu Dariyus na ɗaya ya fara ginawa wajen shekara 518 kafin haihuwar Annabi Isa, babban zauren na da ginshiƙai 72 masu tsayin kusan mita 20, kafin Iskandari na Makidoniya ya cinna wa wurin wuta a shekara 330 kafin haihuwar Annabi Isa. Amma da Dariyus ya lissafa ma'aikatan fadarsa ta Susa, ya ce masu fasa dutse daga Ioniya da Sardis, a yammacin Turkiyya ta yau, suka zo, masu yin tubali kuwa mutanen Babila ne. Ko sarkin Farisa ya san wa zai kira idan maganar laka ta taso.

Roƙona, Malam Edita, ku gyara rubutun ƙarƙashin hoton. In kuma akwai fili, ku buga mana hoton zakanyar nan ta fadar Ashurbanifal, sarkin Assuriya, da ke gidan tarihin Birtaniya, wadda kibiyoyi suka soke ta a baya, tana jan ƙafafun bayanta a ƙasa, na gaba a kafe, baki a buɗe. Nawa hoton ya koɗe saboda yawan zagaya aji da ya yi.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku, tsohon malamin koyar da gini.