Wasiƙa zuwa ga Baba, kan maganar katin bashi

Birmingham, Ingila

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kuna lafiya, ku da Umma da yara. Ni ma lafiya lau, sai dai sanyi, ga rana tun ƙarfe huɗu ta faɗi. Ya ƙafar Umma, ta saki?

Ranar Juma'a kun tambaye ni ko katin da nake sayayya da shi akwai kuɗin ruwa a ciki, na yi ta kame-kame har layi ya yanke. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na rubuto.

Katin ATM da ke aljihunku, kuɗinku kuke cira da shi. In asusu babu komai, mai POS ya miƙo muku abinku. A nan akwai wasu katuna biyu da kuɗin kamfani ake kashewa da su, a ido kamarsu ɗaya, amma halinsu daban.

Na farko sunansa katin caj, kuma bai haɗa komai da katin waya ba. Kun tuna mai shagon bakin layinmu a Tudun Wada, da littafinsa mai baƙin bango? Umma ta aike ni in karɓo mudun shinkafa, sabulu, gwangwanin madara, ya lasa yatsa ya buɗe shafinmu ya rubuta. Ran da albashinku ya shigo ku biya duka, ya ja layi. To haka katin nan yake. Duk abin da mutum ya ci a wata, ƙarshen wata zai biya shi cif, ba a ɗaga saura zuwa gaba, don haka babu ruwan da zai hau. Kamfanin yana samun nasa daga kuɗin shekara da mai katin ke biya, da ɗan kason da yake yanka a wurin 'yan kasuwa. Yawanci ba a yanka wa mutum iyaka, ana duba yadda ya saba biya ne. In ya makara a ci shi tara, in ya maimaita a rufe katin. Diners Club ne ya fara fito da shi a New York a 1950, don masu cin abinci a gidajen abinci, American Express ya biyo baya a 1958.

Na biyu shi ne katin kiredit. Shi ma a 1958 Bank of America ya fito da nasa, wanda daga baya ya zama Visa, ya iso Ingila a 1966 da sunan Barclaycard. Wannan akwai iyaka. Ƙarshen wata takarda za ta zo da lambobi biyu: jimillar bashi, da mafi ƙarancin abin da za a karɓa. Wanda ya biya jimilla a kan lokaci ba a ɗora masa komai, wani katin har kwana 56 yake ɗaga ƙafa. Wanda ya biya ƙaramar lambar kuwa, sauran ya fara haihuwa. In tsabar kuɗi aka cira da shi, tun ranar ruwa yake hawa.

Baba, ga abin da na kasa faɗa a waya. Zuwan da na yi da Babbar Sallah, tikitin jirgi da agogonku da jakar Umma duk da katin kiredit na saya, fam 1,200. Niyyata in biya da na dawo, sai aka rage mana awannin aiki, na koma biyan ƙaramar lamba. Wani dare na baje takardun a kan gado na yi lissafi da biro. A fam 36 da na biya watan farko, 24 ruwa ne, 12 kacal ya taɓa uwar kuɗin. Wata bakwai ina biya, bashin ko fam ɗari bai ragu ba. Ranar ko shayi ban iya sha ba. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wannan ni na sa hannu a takardarsa ban karanta ba, kuma ku kuka koya mini ayar riba tun ina allo.

Na karɓi aikin dare wata huɗu na biya shi tas, na sa almakashi na datse katin.

Na je wurin limaminmu. Ya ce Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta hana katin da aka shar'anta ruwa a cikinsa, ko da mutum ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Katin caj kuwa an halatta shi matuƙar ba a ɗora ƙari a kan bashin saboda jinkiri, don haka shi ma sai an karanta sharuɗɗansa da kyau. Abokan aikina Musulmi da yawa suna riƙe da na kiredit, suna biya duka kowane wata. Hujjarsu ita ce a ƙasar nan tarihin biyan bashi ake dubawa kafin a ba mutum rancen gida, kuma wata dokar ƙasar nan ta 1974 ta ɗora wa kamfanin katin alhaki in aka cuce ka a sayayyar da ta haura fam 100 zuwa 30,000, kariyar da katin caj bai da ita. Ban raina hujjarsu ba, amma ni na ɗanɗana, ba zan koma ba. Yanzu katin asusuna kawai nake riƙewa.

Ku yafe mini ɓoyewar da na yi, ku kuma sa ni a addu'a. Agogon ku ci gaba da ɗaurawa, an riga an biya kuɗinsa da gumina.

Don Allah a ja wa Auta kunne kan manhajojin rancen nan na waya, na ga yana ambatarsu. Kafin ya taɓa ko ɗaya ya kira ni. Kuɗin maganin Umma zan turo ranar Litinin in Allah ya yarda, ta asusun Yaya. A gaishe da mutanen masallaci da duk 'yan layinmu.

Wassalam,
ɗanku.